Kwana a Kan Tsauni: Jagorar Ya da Zango da Tanti ko Motar Kwana

Sansanin kan tsauni irin wanda nake nufi ba otal ba ne da aka cire wa rufi. Fili ne a cikin itatuwa, an share ɗan wurin kafa tanti ko ajiye mota, ga tebur na katako, ga zoben ƙarfe na hura wuta, sai famfo ɗaya da kowa ke ɗiba da banɗakin rami can gefe. A wani wurin akan keɓe layi guda a ja masa lantarki da ruwa domin motocin kwana, wato motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, ko ɗakin da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. A wani wurin ko wannan babu. Shiru ka je nema, da iska mai sanyi, da sararin da taurari ke cika shi, kuma za ka samu. Sai dai tudu yana canza lissafin duk abin da ka saba da shi a ƙasa. Ruwa zai tafasa bai yi zafin da ka sani ba, injin mota zai yi sanyin jiki, dare zai yi sanyin da rana ba ta nuna alamarsa ba, kai kanka za ka ji numfashinka ya gajarta. Wanda ya yi lissafi da wannan tun daga gida, shi ne zai ji daɗin zaman.

Kafin ka kama wuri, tambayi abin da babu

Hotunan sansani duk kyau gare su. Abin da hoto ba ya faɗa shi za ka tambaya, kuma tambaya ta farko ita ce: mita nawa wurin yake sama da teku? Wannan adadi shi zai yanke maka bargon da za ka ɗauka, irin gas ɗin da za ka saya, da ko ya kamata ka kwana a hanya kafin ka ƙarasa.

Daga nan sai maganar ruwa. Akwai na sha, ko sai ka zo da naka? A wurare da yawa ana rufe famfunan da zarar sanyi ya fara, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu, alhali sansanin yana nan a buɗe. Sai lantarki, in mai mota ne kai. A Amurka da Kanada iri biyu aka fi samu: mai amfiya 30, wanda ke ba ka wat 3,600, da mai amfiya 50, wanda ke kaiwa wat 12,000, kuma bakin soket ɗinsu ba ɗaya ba ne, don haka ana tafiya da mahaɗin da zai sada wannan da wancan. A Turai soket ne shuɗi mai ƙafa uku, kuma akwai sansanonin da amfiya 6 kawai suke bayarwa, wato wat 1,380. Butar lantarki ɗaya ta isa ta kashe maka wuta a irin wannan wuri. Kada kuma ka ɗauka duk inda aka yarda da motar kwana akwai waya da bututu. A gandun Yellowstone na Amurka, duk girmansa, sansani ɗaya ne, Fishing Bridge, ke da lantarki da ruwa da magudana gaba ɗaya, kuma shi ba a kafa tanti a cikinsa saboda beyar, wato babbar dabbar daji mai haɗari, da ke yawo a yankin. Sai mota mai bango mai tauri.

Tambaya ta uku ita ce hanya, kuma ita aka fi mantawa. Auna motarka da kanka, tsawo da faɗi da tsayi, har da abin da ke kan rufi, ka rubuta ka liƙa kusa da sitiyari. Hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier a Amurka, alal misali, ba ta karɓar abin hawa da ya wuce ƙafa 21 a tsawo, wato mita 6.4, ko ƙafa 8 a faɗi a sashenta na kan dutse. Taswirar waya ba ta san girman motarka ba. Gajeriyar hanya za ta nuna maka, ko da kuwa ta bi ta kwanar da ba za ka iya karyawa ba.

Wuraren da suka yi suna kan cika tun da sauran watanni. Yawancin sansanonin gwamnatin tarayyar Amurka suna buɗe rajista wata shida kafin ranar, ta shafin intanet na Recreation.gov. Akwai kuma waɗanda ba a kama wuri sam, wanda ya riga zuwa shi ke da shi. A irin waɗannan ka isa da hantsi, lokacin da na jiya ke naɗe kaya, kuma tsakiyar mako ta fi ƙarshensa sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe kafin ka bar inda ake samun sabis: sauke taswirar yankin a waya, ka riƙe ta takarda ma, sannan ka gaya wa wani na gida inda za ka da ranar da za ka dawo, da abin da zai yi in ranar ta wuce bai ji ka ba.

Lissafin sanyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk tantin da ba ka taɓa kafawa ba, kafa shi a gida ka ƙirga turakunsa. Duk murhun da ba ka taɓa kunnawa ba, kunna shi.

Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau. In garin da ke gindin tsaunin yana digiri 28 kuma sansaninka ya ɗara shi da mita 2,000, ka sa ran 15 da rana tsaka. Da dare kuwa, musamman in sama ta washe babu gajimare, zafin da ƙasa ta sha yini guda yakan tsere da sauri, har ka wayi gari ka ga raɓa ta daskare a kan tebur a tsakiyar watannin zafi. Don haka hasashen yanayi na garin ƙasa ba naka ba ne. Nemi na kan tudun, ka dubi mafi ƙarancin na dare.

Buhun barci mai kyau yakan zo da lamba uku a jikinsa. Ta farko ita ce sanyin da za ka yi barci cikin daɗi, ta biyu iyakar abin da mai jurewa zai ɗauka yana ƙudundune, ta uku kuwa cewa take ba za ka mutu ba, ba cewa za ka runtsa ba. Da ta farko ake ciniki. Amma abin da sabon shiga ya fi kuskurewa shi ne shimfiɗa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, kuma gashin buhun da ka danne da bayanka ba ya tare komai. Katifar iska zalla, irin wadda ake shimfiɗa wa baƙi a gida, sanyi take tarawa a cikinta. Nemi shimfiɗar da aka yi don zango, ko ka sa ta soso a ƙarƙashi.

Tufafi kuma hawa-hawa ake sa su: na jiki mai tsane gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga tana riƙe jiƙa, kuma rigar da ta jiƙe da gumi da la'asar ita ce za ta sa ka rawar ɗari bayan magariba. Ulu ko zaren roba sun fi. Keɓe safa ɗaya da hular sanyi ɗaya na barci kaɗai, kada su taɓa fita waje. Tabarau da man kariya daga rana ma ba kwalliya ba ne, domin hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, kuma sanyin iska ba zai bari ka ji kana ƙonewa ba.

Gas ma yana da nasa hali. Butan yakan daina tashi idan sanyi ya kai wajen sifiri, sai ka ji tukunya cike amma wuta na lumshewa. Furofan kuwa yana aiki har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifiri. Duba abin da aka rubuta a jikin tukunyar.

Hawa

Iska a sama ba ta da kauri, inji kuma da iska yake numfashi. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura masa iska, yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000, haka ma janareta. Ba lalacewa motar ta yi ba. Sauko da giya, bar ta ta yi kukanta, ido a kan allurar zafi. In allura ta fara hawa, kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka nemi gefe ka tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Nauyi shi ne abokin gabar hawa da sauka duka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 150 daidai yake da ƙarin manya biyu a mota. In ka tabbatar akwai ruwa a sama, hau da kaɗan ka cika a can. Mai jan ɗaki kuma ya raba kaya yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin zai sauka a kan mahaɗi, wato inda ake ɗaura ɗakin a mota. In nauyi ya taru a baya, ɗakin zai riƙa kaɗa wutsiya, wannan kuwa a kan gangare ba abin wasa ba ne. Sha mai a gari na ƙarshe ko da tanki bai yi rabi ba. In motoci suka yi layi a bayanka, ba su hanya a wurin da aka tanada.

Isowa, da zaɓen inda za ka kwanta

An ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a kan tsauni maganar ta juya. Kuɗinka ba zai dawo maka da rana ba. A cikin kwari, dutse yakan tare rana tun kafin lokacin faɗuwarta da ke rubuce a waya, sanyi kuma ya biyo baya nan take. Ba wa kanka aƙalla awa biyu na haske. Na taɓa isa wani sansani bayan duhu, na kafa tanti da tocila a baki a wurin da ya fi ko'ina laushi da lebur, ina murna. Da ruwa ya sauko cikin dare na gane dalilin laushin: nan ne duk ruwan filin ke taruwa ya ajiye yashinsa.

Tsaya a ofis ko allon sanarwa tukuna. Nan za ka ga ko an hana hura wuta, ko an ga beyar kwanan nan, da lokacin da ake kashe janareta. In akwai mai kula da wurin, gaishe shi ka tambaye shi ta ina iska ke zuwa da dare. Ya fi kowace manhaja sani.

Sannan ka sauka daga mota ka taka wurin da ƙafa. Fara da ɗaga kai. Busasshen reshe da ke rataye, ko itacen da ya mutu a tsaye, iska ɗaya suke jira. Sai ka sunkuya ka karanta ƙasa: inda ganye da tsakuwa suka yi layi, ruwa ne ya jera su, kuma zai dawo ta nan. Ɗan tudu mai gangara kaɗan ya fi rami mai lebur, don ruwa da kuma don sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take da dare ta kwanta a ƙasan kwari da bakin rafi kamar ruwa a kwano. Mita kaɗan sama da nan sai ka ji bambanci. Can ƙololuwa kuma iska da tsawa ne ke mulki. Tsaka-tsaki ake nema.

Bakin rafi shi kowa ke rububi, ni kuwa ina ɗari-ɗari da shi, musamman inda kwazazzabo ya buɗe baki ya fito fili. Ruwan da aka yi a can sama, inda ba ka gani, yana iya isowa cikin mintoci alhali kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. Ranar 7 ga Agusta 1996, ruwa mai ƙarfi ya sauka a tsaunukan Pyrenees, ambaliya ɗauke da laka da duwatsu ta biyo kwazazzabon Arás ta afka wa wani sansani kusa da Biescas a Sifaniya, mutum 87 suka rasu. Sansani ne mai izini, da hanyoyi da gine-gine, an dai gina shi ne a kan tarin ƙasar da rafin ya daɗe yana zubarwa a bakinsa. Don haka ko wuri mai lamba aka ba ka, tun da rana ka duba ta ina za ka hau tudu da ƙafa in ta ɓaci. In rafi ya rine ya koma ruwan ƙasa, ko ya fara tashi, ko ka ji ruri daga sama kamar na babbar mota, bar kaya, bar mota, ka hau.

Kafawa

Mai tanti aikinsa kaɗan ne. Tsince tsakuwa, shimfiɗa ledar ƙasa ka naɗe gefunanta ciki, domin duk abin da ya leƙo waje zai tari ruwan rufi ya kai shi ƙarƙashinka. Juya ƙofa ta ba iska baya, kanka ya kasance ta sama in akwai gangara, kafa turaku a karkace suna kallon nesa da tanti, ka ɗaure dukkan igiyoyi ko da babu iska yanzu. Bar kafar iska a buɗe duk sanyi, in ba haka ba numfashinka zai taru a rufi ya ɗiga maka da asuba.

Mai mota kuwa, ribas ne wurin da ake samun saɓani tsakanin mutanen da suka yi tafiyar awa shida lafiya. Ku yi yarjejeniya kan alamun hannu kafin a fara. Mai nuni ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, in ya ɓace direba ya taka birki, shi ke nan. In ɗaki kake ja, riƙe sitiyari ta ƙasa: inda hannunka ya nufa nan bayan ɗakin zai nufa.

Bi wannan jeri kada ka tsallake. Daidaita hagu da dama tukuna, ta hanyar hawa da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa kan katako. Sa weji, wato abin tokare taya, gaba da bayan taya. Sai yanzu za ka kwance mahaɗi, ba kafin weji ba, don ɗakin da aka saki a kan gangare ba ya jiran kowa. Daidaita gaba da baya da jak ɗin gaba, sannan ka sauke ƙafafun kusurwa, waɗanda aikinsu hana girgiza ne, ba ɗaga nauyi ba. Lebur ba don daɗin barci kawai ba ne. Firijin da ke aiki da gas ruwan sinadari ne ke zagayawa a bututunsa da nauyinsa, in ya daɗe yana aiki a karkace yakan lalace.

Wajen lantarki, kashe makunnin sandar, soka waya, sannan ka kunna. Wayoyin tsofaffin sansanoni ba duka ke da lafiya ba, don haka na'urar gwaji da ke tare hawa da saukar wuta ta cancanci kuɗinta. Wajen ruwa, bar famfo ya zuba kaɗan, ɗaura na'urar rage ƙarfin ruwa, sannan tiyo. Tiyon sha daban, na wanke tankin ƙazanta daban, launi daban, ma'aji daban. In ana sa ran daskarewa da dare, cika tankinka ka cire tiyo ka tsiyaye shi. Rumfar gefen mota kuma naɗe ta duk lokacin da za ka bar wurin ko za ka kwanta.

Daren farko

Daga wajen mita 2,500 ne ciwon tudu ya fi fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci rabi da rabi, sa'o'i kaɗan bayan isowa. Ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya. Mota ce ma ke jawo shi, don tana kai mutum cikin awa uku inda ƙafa za ta yi kwana uku. In da hali, kwana ɗaya a tsakiyar hanya. Ranar farko a yi ta a hankali, a sha ruwa, a bar barasa da ƙwayar barci. Sama da mita 3,000, ƙa'idar likitocin tsauni ita ce kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Mai alamun ciwon kada ya ƙara hawa. In kuwa ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, a nemi asibiti.

Ga inda nake son ka natsu. Akwai wani abu mai alamu iri ɗaya da wannan, kuma ya fi shi saurin kisa, wato iskar kabon monokzayid da ke fita daga gawayi, murhun gas, hita da janareta. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai ya ce tudu ne, ya ja bargo. Kada a shigar da garwashi ko murhu cikin tanti, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Kada a ɗumama mota da murhun girki. Janareta ya yi nisan aƙalla mita 6 daga kowace taga, taka da ta maƙwabci, hayaƙinsa na kallon wani wajen. Gwada ƙararrawar gano wannan iska kafin tafiya. In duk mutanen ɗaki suka kamu da ciwon kai lokaci guda kuma suka ji sauƙi da fita waje, ba tudu ba ne.

Ruwa da wuta

A mita 2,000 ruwa yana tafasa a wajen digiri 93, a mita 3,000 kuwa wajen 90. Girki zai ja lokaci, gas zai ƙare da wuri, busasshen wake kuwa zai gwada haƙurinka in ba tukunyar matsi gare ka ba. Rufe tukunya, tare wa murhu iska. Ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, a tace ko a tafasa, don ƙwayoyin da ke sa gudawa ba a ganinsu: minti ɗaya yana tafasa, minti uku in an haura mita 2,000.

Wanke-wanke ba a bakin famfo ko cikin rafi ba. Tace ɓarɓashin abinci ka sa a shara, ruwan ka zuba inda aka tanada, in babu ka watsa shi nesa da rafi da kamar mita 60, wato taku saba'in. In bukata ta kama ka a daji inda babu banɗaki, nisan ke nan, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe.

Wuta a cikin zobenta kawai, ƙarama, da bokitin ruwa a gefe tun kafin a ƙyasta ashana. Itace kuma a saya a yankin. Dokar hana yawo da itacen wuta takan ba baƙo mamaki, amma ƙwari ne ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo. Wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka gano a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan da ake kira ash a Arewacin Amurka, kuma itacen wuta na cikin abin da ya yi masa jigila. Wajen kashewa, kwarara ruwa, juya toka da shebur, ƙara ruwa, sannan ka kai bayan hannunka kusa. In da sauran ɗumi, da sauran aiki. Binne garwashi da ƙasa ɓoye shi ne, yana iya kwana da ransa.

Masu gida

Kai ne baƙo, kuma hancinsu ya fi idonka. Abinci a wurin beyar ya haɗa da man goge baki, sabulu, turare, kwanon da ba a wanke ba, da shara. Duk su shiga akwatin ƙarfen da aka tanada, a kulle, dare da rana, ko da banɗaki kawai za ka. Ko alewa ɗaya kada ta kwana a tanti. A gandun Yosemite na Amurka beyar sun sha fasa motoci don abin da suka shinshino a ciki. Dabbar da ta ɗanɗani abincin mutane takan dawo, ta daina tsoro, ƙarshenta sau da yawa harbi ne, saboda sakacin wanda tuni ya koma gida.

Nisa kuma, ƙa'idar Yellowstone abin aro ce ko'ina: mita 91 daga beyar da kyarkeci, mita 23 daga sauran. Abin mamaki, ɓaunar Amurka, mai kama da saniyar da ba ruwanta, ita ta fi kowace dabba raunata mutane a gandun, galibi masu matsowa ɗaukar hoto.

Ƙanana ma a kula da su. Duba jiki kowane dare saboda kaska. In bukkar katako ka kama ka tarar da kashin ɓera, kada ka share a bushe, ƙurarsa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar hantavirus, mai kama huhu. A 2012 mutum 10 suka kamu bayan sun ziyarci Yosemite, 3 suka rasu. Buɗe ƙofa da taga rabin awa, jiƙa wurin da ruwan bilic, ka goge da safar hannu.

Yini da maƙwabta

A tsaunuka da yawa hadari ɗan la'asar ne a lokacin zafi: safiya garau, azahar gajimare ya taru, sai tsawa. Fita yawo da sassafe, ka sauko daga fili mai tsayi kafin rana ta raba. Tsakanin walƙiya da ƙara, duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, amma in dai kana jin ƙarar, tana iya kai maka. Tanti ba mafaka ba ne. Mota mai rufin ƙarfe, gilashi a rufe, ita ce mafaka, kuma a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Sauti yana tafiya nesa a daren tsauni. Yawancin wurare sun sa shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Kada ka ratsa ta filin wani don gajarta hanya. Fitilun adon da wasu ke zagaye mota da su kuwa, ban taɓa gane hikimarsu ba. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe wa taurari sosai, haske ɗaya mai ƙarfi kuma ya mayar da shi farko. Jan haske a tocila ya isa ka ga gabanka.

Tashi da gangarowa

Tankin banɗaki a bar bawul ɗinsa a rufe duk zaman, ko da akwai magudana a wurinka, sai ya kai kashi biyu cikin uku. In ka bar shi a buɗe ruwa zai tsiyaye ya bar tudun da ba za ka so haɗuwa da shi ba. A wurin zubarwa, sa safar hannu, tabbatar bakin tiyo ya zauna daram, buɗe na banɗaki tukuna, rufe, sannan na ruwan wanka ya bi ya wanke tiyon. Zuba ɗan ruwa a tankin kafin ka tafi.

Zagaya motar sau biyu: waya, tiyo, rumfa, ƙafafun kusurwa, tagar rufi, matakala, gas a rufe, weji a ƙarshe bayan an ɗaura mahaɗi. Zagaya filin sau ɗaya kana kallon ƙasa, don turaku da 'yan ledoji. Tantin da aka naɗe da raɓa a shanya shi da isa gida, kafin ya yi funfuna.

Saura gangare, wanda ya fi hawa haɗari. Sauko da giya tun kana sama, kafin mota ta ɗauki gudu, ka bar inji ya riƙe ta. Kada ka ɗora ƙafa a birki kana jan ta a hankali tsawon hanya, haka ne yake zafi har ya daina kamawa. Taka da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, gudu ya ragu sosai, ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, in gudu ya dawo ka sake. In kana takawa fiye da yadda kake sakewa, giyar ta yi sama, ƙara saukowa. Lura da allunan da ke nuna hanyar tsakuwa ta tsayar da motar da birkinta ya tsinke, ka san inda suke. Da ka ji ƙauri, ko birki ya yi laushi a ƙafa, nemi fili lebur ka tsaya, sa weji, kada ka watsa wa ƙafafun ruwa, ka ba su rabin awa ko fiye kafin ka ci gaba.